Daga ƙwaƙwalwar alade zuwa jar akuyar Maraɗi: yadda na yi binciken balaga

Ranar da malamin da ke kula da kundina na digiri na biyu ya miƙo mini takardun da zan fara karantawa, na duba ta sama na ga alade, na ɗaga ta biyu na sake ganin alade. Na ce, "Malam, ko dai an haɗa mini da na wani? Ni fa a kan jar akuya na rubuta zan yi aiki." Ya ce ba a haɗa ba, in je in karanta, mu gamu bayan sati biyu. Na fito raina ba daɗi, na cusa takardun can ƙasan jaka don kada wani ya gani a hanya. Daga wannan rana zuwa ranar da na kare kundin, wata goma sha tara aka yi, kuma kusan wata biyar daga ciki rashin sanin abin da ya kamata ya riga wani ne ya cinye su. Ɗalibai uku sun riga sun same ni da tambayoyi iri ɗaya kan yadda ake bin matakan irin wannan bincike, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana tun daga farko.

Tambayar da nake bi na san ta tun ina yarinya. A ƙauyenmu da ke kusa da Tasawa, Inna tana kiwon jajayen awaki, kuma sau da yawa za ka ga 'yan awaki biyu da aka haifa sati ɗaya, guda ta nemi bunsuru tun ba ta cika wata bakwai ba, ɗayar kuwa har a kusa shekara tana nan shiru. Ga macen karkara wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin akuyar da ta yi jinkirin haihuwar fari ta ci harawa a banza na watanni, kuma kuɗin magani ko na lakwal da ake sa rai daga ɗanta ya ja baya.

Da na zauna na karanta takardun nan, sai na gane dalilin Malam. Balaga ba a mara take farawa ba, a ƙwaƙwalwa take farawa, a wani ɗan wuri da ke can ƙasanta da ake kira haifotalamas. Daga nan ake sako wani sinadari mai suna GnRH zuwa wani ɗan ƙululu da ke rataye a ƙarƙashinsa, fituwitari, shi kuma ya sako wasu sinadarai biyu, LH da FSH, cikin jini, su je su tayar da gidan ƙwai. Ba kwarara GnRH yake yi ba, ɗigo-ɗigo yake fita kamar bugun zuciya. Lokacin da dabba take ƙarama, ɗan sinadarin isturojin da gidan ƙwanta ke fitarwa ya isa ya danne wannan bugu, sai ya riƙa zuwa jefi-jefi. In balaga ta matso sai dannewar ta sassauta, bugun ya yi sauri, ƙwai ya girma, isturojin ya yi yawa, LH ya yi ambaliya lokaci guda, ƙwan farko ya fita. Abin da ya sa na daina ɓoye takardun shi ne tarihin GnRH ɗin kansa. A shekarar 1971 Andrew Schally ya gano siffarsa a Amurka, daga haifotalamas na aladu sama da dubu ɗari da aka tattaro daga mayanka, Roger Guillemin kuma ya yi nasa aikin da na tumaki, suka samu kyautar Nobel a 1977. Wato sanin da likitocin dabbobi da na mutane suke amfani da shi yau wajen matsalar haihuwa, wani babban kasonsa daga kan alade ya fito. Ban taɓa alade ba, ban ci ba, amma karanta abin da aka gano a jikinsa bai rage mini komai ba.

Daga baya aka gano cewa GnRH ma yana da mai tayar da shi. A 2003 masu bincike a Faransa da kuma wasu a Amurka da Ingila suka ga cewa mutanen da wata ƙwayar gado mai suna GPR54 ta lalace a jikinsu ba sa balaga yadda ya kamata. Ita ce ke yin ƙofar da sinadarin kisfeftin ke ƙwanƙwasawa, shi kuma ƙwayar gadon KISS1 ce ke yin sa. Wasu daga cikin jijiyoyin da ke yin kisfeftin a haifotalamas suna yin wasu sinadarai biyu tare da shi, neurokinin B mai zugawa da dainofin mai birki, kuma tsakanin zugi da birkin nan ake samun bugun. A alade an yi wannan bincike sosai saboda kuɗin da ke cikin kiwonsa a Turai da Amurka da Sin. Macen aladen Turawa takan balaga wajen wata shida zuwa bakwai, irin Meishan na ƙasar Sin kuwa wajen wata uku, kuma in aka riƙa shigo da babban namiji kusa da 'yan matan kullum, warin da ke cikin yawunsa yana jawo balagarsu kusa. A 2014 masu bincike a Tokyo suka gano irin wannan a awaki, wani sinadari da ke fita daga fatar kan bunsuru yana tayar da bugun GnRH a ƙwaƙwalwar akuya. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Aikina dai shi ne in ɗauki 'yan awaki mata goma sha shida, in raba su gida biyu, kashi ɗaya a kan abincin da aka saba ba su a gida da rani, ɗaya kashin a ƙara musu harawar wake da dusa da tunkuza, in bi nauyinsu da jininsu har su balaga, sannan a yanka takwas a duba yadda KISS1 da 'yan uwansa suka kunnu a ƙwaƙwalwarsu. Da na je yi wa Inna bayanin kunnuwar ƙwayar gado, misalin da ya shige ta shi ne na littafi da allo. Littafin, wato DNA, yana nan cikakke a kowace ƙwayar jiki, amma shafin da ake bukata a lokacin kaɗai ake kwafowa a allo, wannan kwafi shi ne RNA. Mai bincike allon yake karantawa don ya san darasin da ƙwaƙwalwa take kai. Matsalar ita ce rubutun allo ba ya daɗewa, da an yanka dabba ya fara wankewa.

Matakin farko shi ne rubuta tsarin aikin da gabatar da shi gaban malaman sashe. Sau biyu aka dawo mini da shi, kuma da gaskiyarsu. Karo na farko ban faɗi dalilin da ya sa sai an yanka takwas ba, ba huɗu ko goma ba. Karo na biyu ban faɗi abin da zan yi in wata a rukunin da ba a ƙara wa abinci ta fara ramewa ba. Sai da na rubuta cewa duk wadda nauyinta ya ragu sati biyu a jere za a fitar da ita daga gwajin a ciyar da ita, sannan aka sa hannu. Daga nan takarda ta tashi daga sashe zuwa ofishin shugaban tsangaya, daga can kuma aka ba ni wasiƙar gabatarwa zuwa ma'aikatar kiwo ta jiha. A nan na yi kuskuren farko. A wasiƙar na sa an rubuta "ɗaukar samfur daga awaki" kawai. Bayan kwana tara ina zirga-zirga a kabu-kabu, ma'aikacin da ya karɓe ni ya karanta ya ce, "Malama, wane samfur? Jini ne, kashi ne, ko nama? A raye ko bayan yanka?" Dole na koma aka sake buga wata, aka sake bin sa hannu daga tushe. Sati uku suka tafi a kan kalma ɗaya. Wasiƙar da ta yi aiki ta ambaci komai dalla-dalla: ɗibar jini daga jijiyar wuya sau biyu a sati, yanka a mayanka ƙarƙashin idon likitan dabbobi, buɗe kai da cire ƙwaƙwalwa da gidan ƙwai, ajiyewa, da ɗaukar samfur zuwa wajen jiha. Ku sa a buga muku asali uku masu hatimi, ba kwafin inji ba, domin kowane ofishi yana riƙe nasa. Ku haɗa da kwafin katin ɗalibi da na ɗan ƙasa, ku sayi tambur tun kafin a tambaye ku, ku kuma rubuta lambar wayarku da biro a bayan kowace takarda.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Na bari sai da takardu suka kammala sannan na ba da odar kayan ɗakin bincike, a tunanina bai kamata in kashe kuɗin tallafi a kan aikin da ba a amince da shi ba tukuna. Ashe kayan nan ba a samunsu a Maraɗi, wasu ma ba a samunsu a Yamai, daga waje ake kawo su, kuma nawa sai da suka yi sati goma a hanya. Bututun jini da allurai da safar hannu ana samu a gari. Amma kayan auna sinadarin furojestaron da ake kira ELISA, da ruwan RNAlater da ke hana RNA lalacewa, da 'yan gutsattsarin DNA da ake kira firaima waɗanda ke kamo ƙwayar gadon da ake nema, duk sai an jira. A kan firaima ɗin ma na kusa yin asara: na kwafo jerin haruffansu kai tsaye daga wata takardar binciken alade na tura. Allah ya taimake ni wata ma'aikaciyar ɗakin binciken da zai yi mini aikin ta duba kafin a biya, ta rubuto mini cewa KISS1 na alade da na akuya 'yan uwa ne amma ba tagwaye ba, akwai haruffan da suka saɓa. Ta nuna mini yadda ake shiga rumbun GenBank a intanet a ɗauko jerin akuya a gwada firaima a kansa. Hanya da tunani za ka aro daga alade, haruffa kuwa sai na dabbarka.

Sai neman awakin. Na fara da kasuwa, ranar Litinin da Juma'a, ina tsammanin kwana biyu sun isa. Jajayen awaki kam ga su nan, amma ba wanda zai gaya maka ranar haihuwa. Dillali zai buɗe bakinta ya ce "wata uku ce cif", alhali haƙoran nono ba sa canzawa sai akuya ta kai wajen shekara, ba abin da za su nuna maka tsakanin wata uku da wata biyar. Binciken balaga kuwa in babu shekaru babu komai. Na bar kasuwa na koma ƙauyuka, kuma a nan na ga abin da ban zata ba. Mata sun san ranakun haihuwar awakinsu. Wata dattijuwa a wani gari da ke kan hanyar Madarunfa ta nuna mini 'yar akuya ta ce, "Wannan daren sunan jikana aka haife ta, waccan kuma kwana uku bayan mun gama yankan gero a gonar gabas." Na tambayi ranar sunan, aka ɗauko takardar asibitin yaron, lissafi ya fito. Da haka, gida-gida, cikin kwana goma sha biyu na tara goma sha shida waɗanda tazarar haihuwarsu ba ta wuce sati uku ba. Na biya tsakanin jika goma sha uku zuwa goma sha bakwai kowace, sama da farashin kasuwa, kuma ban yi ciniki mai tsanani ba don na san abin da nake saye ya fi akuya. Na zaɓi masu ja ɗaya ba tabo, masu gajeren gashi, irin da aka san Maraɗi da su, waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai kuma gwamnati ta kafa musu cibiya ta musamman a garin nan tun shekarun 1960.

Na ajiye su a wani kango da kawuna ya ara mini a gefen gari. Sati biyun farko ba a fara gwaji ba: likitan dabbobi ya zo ya yi musu rigakafin PPR, annobar nan ta awaki da tumaki, aka ba su maganin tsutsar ciki, aka maƙala wa kowace lamba a kunne. Daga nan rayuwata ta koma Talata da Asabar. Da an sallame asuba nake isa, kafin a ba su abinci. Wani yaro da na ɗauka aiki a kan jika ashirin a wata zai sa akuyar tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga haɓarta ya karkatar kaɗan, ni kuma in danna gindin wuya da babban yatsa har jijiyar ta kumburo kamar igiya, in goge da auduga in soka. A satin farko hannuna rawa yake yi, wata mai lamba bakwai sai da na soke ta sau uku tana kuka irin na jariri, na zauna a kan bokiti na yi hawaye. Likitan ya ce in daina kallon allura, in saurari yatsana. Zuwa sati na uku goma sha shidan ba sa ɗaukar mini minti arba'in. Jinin sai a sa shi cikin kula da ƙanƙara, a hau kabu-kabu zuwa ɗakin gwajin da ke da injin juya jini, a juya minti goma sha biyar, a tsotse ruwan sama mai launin ɗorawa a zuba a ƙananan kwalabe biyu, a daskarar a maki 20 ƙasa da sifili. Biyu nake cewa, kuma a firiza biyu a gidaje biyu. Wani dare a watan Maris wuta ta ɗauke ta yi kusan kwana biyu, gurup ɗin inda na ajiye kashi ɗaya ba mai, duk abin da ke ciki ya narke. Kashin da ke gidan wata ƙawata mai firizar hasken rana shi ya ceci wata uku na aikina.

A cikin wata na biyu ne maganar warin namiji ta dawo. Wata safiya na iso na ji kangon ya cika da warin bunsuru. Maƙwabci ne ya sayo wani ƙato ya ɗaure a jikin katangar da ke gefen rukunin da ba a ƙara wa abinci. Da ban karanta labarin namijin alade da yawunsa ba, da ban ɗauki abin a bakin komai ba, tunda katanga na tsakani. Amma hanci ba ruwansa da katanga, kuma in rukuni ɗaya na shaƙar bunsuru ɗayan ba ya shaƙa, ba zan taɓa sanin ko abinci ne ya yi aiki ko wari ba. Na je na durƙusa na gaishe da mai gidan na ce, "Baba, alfarma na zo nema." Da na yi masa bayani ya yi murmushi ya ce ai wannan tsohon sani ne, duk mai kiwo ya san in bunsuru ya shigo garke 'yan mata kan motsa. Ya mayar da shi bayan gidansa a ranar. Kwana biyu bunsurun ya yi a wurin, na rubuta su a littafin aiki, na kuma faɗa a cikin kundin.

Da ido ba a gane balagar farko. Sau da yawa ƙwan farko yakan fita shiru, ba kuka, ba kaɗa wutsiya. Shaidar tana cikin jini: bayan ƙwai ya fita, gurbinsa kan zama wani ɗan ƙulli mai fitar da furojestaron, kuma in ya haura nanogiram 1 a mililita an san an yi. Saboda haka a tsakiyar aiki na kwashi samfur na shiga motar safe zuwa Yamai, sama da kilomita ɗari shida, ta Konni da Dosso, kula a kan cinyata na lulluɓe ta da bargo, ban yarda an sa ta a but ba. A can na gamu da lissafin da ban yi ba. Farantin ELISA rami 96 gare shi, ni kuma na zaci zai ɗauki samfur 96. Ashe kowane samfur rami biyu yake ci, ga kuma ramukan ma'auni, abin da ya rage bai wuce samfur arba'in ba. Faranti ɗaya kuwa ya fi kuɗin awaki goma. Muka zauna da ma'aikacin ɗakin muka tsara: a fara da samfur ɗaya a sati ga kowace akuya daga ƙarshe a yi baya, inda aka ga tashi sai a cike tsakani. Kwana shida na yi a Yamai maimakon biyu.

Yanka shi ne abin da na fi jin tsoro, kuma shi na fi shiryawa. Sati biyu kafin ranar na riƙa sayen kawunan awaki a wurin mahauta ina koyo, har kai goma sha ɗaya. Wani dattijon mahauci da ya ga ina fama da zarto ya ce, "'Yata, kawo nan." Ya feɗe fatar goshi, ya yi sara uku da gatarinsa ƙarami, biyu a gefe ɗaya a bayan ƙaho, ya ɗaga ƙoƙon kamar murfin tukunya, ƙwaƙwalwa na nan lafiya ko ƙwarzane babu. Shekara talatin yana yi don masu farfesu. Na roƙi shugaban mayankar da likitan da ke duba nama su bar shi ya tsaya mini ranar, suka yarda. In an ɗago ƙwaƙwalwa aka kifa ta, za ka ga inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna fari fat, a bayansu kaɗan kuma wani ɗan tudu. Abin da ke tsakaninsu shi ne haifotalamas, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Shi za a yanko da sabuwar reza, a daddatsa kada kaurin gutsure ya kai rabin santimita, a nutsar cikin RNAlater da ya ninka shi aƙalla sau biyar, ya kwana a firiji ruwan ya ratsa shi, washegari a kai firiza.

Ranar ta faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura maki 40. Mun fara ƙarfe biyar da fitilar goshi. Aka yanka su da sunan Allah ɗaya bayan ɗaya, ba a kawo ta gaba sai na rufe kwalbar ta baya. Biyun farko sun ɗauke ni kusan minti arba'in kowace, saboda na tsaya ɗaukar hoto da auna gidan ƙwai kafin in taɓa kai. A ta uku na juya tsarin, kai tukuna, sauran su jira, muka sauko zuwa minti goma sha biyu. Gidan ƙwan ma ya ba da tasa shaidar, waɗanda jini ya ce sun balaga ga ƙullin nan a jiki, sauran kuwa sumul sai 'yan ƙuraje masu ruwa. Likita ya duba naman ya buga hatimi, tunda an daɗe da wuce wa'adin magungunan da aka ba su, aka sayar, kuɗin ya biya bashin harawa. Mai lamba bakwai tana cikinsu. Na san haka tun ranar da aka jefa ƙuri'ar zaɓe, amma da aka jawo ta sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Injin da ke ƙirga RNA a wani ɗakin bincike yake a wata ƙasa maƙwabciya, kuma a nan na sake yin jiran da bai kamata ba, don sai bayan yanka na fara tambayar yadda ake fitar da samfur. Takardu huɗu ake nema: shaidar lafiyar dabbobin daga hukumar likitocin dabbobi, izinin shigarwa daga ƙasar da za ta karɓa, yarjejeniyar miƙa samfur da shugabannin cibiyoyin biyu za su sa wa hannu, da kuma izinin da ya shafi yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan albarkatun gado, tunda jar akuya dukiyar ƙasa ce. Wannan na ƙarshen a Yamai ake yin sa. Kowace takarda tana neman lambar wata, kuma izinin shigarwa yana da wa'adi, nawa saura kwana biyar ya ƙare sauran suka fito. Wata biyu da rabi kwalabe takwas suna kwance a firiza ina kwana da fargabar wuta. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne RNAlater yana riƙe samfur kusan sati a zafin ɗaki mai maki 25, wata guda a firiji, don haka tafiyar kwana biyu cikin kula ba ta zama matsala ba.

Da sakamakon ingancin RNA ya iso, shida sun yi kyau, biyu sun lalace ba sa amfani. Biyun farko ne, waɗanda na tsaya ɗaukar hoto. Da shida, uku da uku, ba a yanke hukunci a kan ƙwayar gado, kuma haka na rubuta, na ba da alkaluman yadda suke ban ƙawata ba. Ɓangaren jini da sikeli ne ya yi magana a sarari: waɗanda aka ƙara wa harawa da dusa sun riga sauran balaga, kuma nauyi ya fi yawan watanni faɗin wadda za ta fara. Wannan ya dace da abin da aka sani a alade da tumaki da shanu, cewa ƙwaƙwalwa tana sauraron labarin jiki kafin ta saki birki, ta hanyar sinadarai irin su leftin da kitse ke fitarwa, wanda aka gano a 1994. Da na kai wa Inna labari ta ce ita dai ta san akuyar da ta ƙoshi ba ta jinkiri. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta, amma yanzu na san ta wace hanya ƙoshin yake isa ƙwaƙwalwa, kuma na ga wurin da idona.

Wanda zai bi wannan hanya, da zan sake, ranar da aka amince da take zan tura takardun fitar da samfur da odar kaya tare, kafin in kalli ko akuya ɗaya, domin takarda da kaya suna iya jiran dabba, dabba mai girma kuwa ba ta jiran kowa. Zan nemi firiza ta biyu kafin ɗigon jinin farko. Zan ware kuɗin faranti ninki biyu na abin da na zata. In tallafin bai kai a yanka aƙalla ninkin abin da na yanka ba, zan bar ƙwaƙwalwa in tsaya a kan jini da nauyi, don ba daidai ba ne a zubar da jinin dabba a kan adadin da ba zai amsa tambaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau, kuma na faɗe shi a gaban masu jarrabawa da bakina. Sannan a girmama mahauta da matan ƙauye a sa su cikin lissafin kuɗi da na godiya, don ba don sara ukun dattijon nan da tunawar tsohuwar Madarunfa ba, da babu kundin.

Takwas ɗin da suka rage ban sayar ba. Shida na mayar wa matan da na saya a wurinsu a kan su ba ni 'yar fari in ta zo, biyu kuma, waɗanda suka fi kowa jinkiri, Inna ta ɗauka ta sa su a harawa da 'ya'yan gawo. Mai lamba goma sha biyu ta haifi tagwaye da kakar bana. Na rubuta ranar a littafin aiki, a ƙarƙashin nauyinta na ƙarshe.